Kurar da Muka Ɗora wa Tsohuwa: Darasin da Muka Koya Daga Teen Wolf



Da shugabannin zaure suka ce mu ne da muƙalar wannan mako, mun fara shirya bayani a kan ƙa'idojin rubutu. Daga baya muka ga gara mu tona asirin kanmu, wataƙila wani ya tsira daga ramin da muka faɗa. Mu uku ne muke rubutu tare tun muna karatun difloma a kwalejin kimiyya da fasaha, kuma tare muka shiga ƙungiyar marubuta. Laifin da za mu ba da labarinsa tare muka aikata shi, shi ya sa za ku ji muna ta cewa "mu". Gargaɗi kuma tun da wuri: wanda bai kalli Teen Wolf ba kuma yana da niyyar kallo, ya sani za mu fasa masa ƙwai da yawa a nan.

A shekararmu ta biyu a makaranta muka haɗu da shirin. A wajen masu tura finafinai na bakin makaranta aka zuba mana shi a filashi, muka riƙa kallo a kwamfutar ɗayanmu duk daren da aka kawo wuta, muna bin rubutun da ke fitowa a ƙasa saboda Turancin nasu da sauri yake. Shiri ne mai dogon zango na Amurka wanda tashar MTV ta nuna daga 2011 zuwa 2017, zango shida, kashi 100 cif, kuma Jeff Davis ne ya tsara shi. Labarin wani ɗan sakandare ne, Scott McCall, a wani ƙirƙirarren gari na jihar Kalifoniya mai suna Beacon Hills. Wani dare shi da amininsa Stiles suka shiga daji neman wata gawa da 'yan sanda ke nema, wani abu ya ciji Scott a cikin duhu, daga nan ya zama mai rikiɗa zuwa kyarkeci. Akwai wuraren da suka saɓa wa tarbiyyarmu, muna tsallake su. Abin da ya riƙe mu shi ne kusan kowane zango akwai wani dodo da ke kashe mutane, kuma dodon nan mutum ne da rana, yana cikin waɗanda ake gaisawa da su. Mun sha kaiwa ƙarfe biyun dare muna musu a kan ko wane ne.

Wannan musun ne ya sa bayan mun gama makaranta muka ce mu ma sai mun rubuta irinsa. Ba mu sha wahalar neman dodo ba, don tun muna yara muke jin labarin mutanen da ke rikiɗa su koma kura da dare. Muka gina labari a wata unguwa da ke bakin gari. Awaki suka fara ɓacewa, sai aka tsinci gawar wani mai gadi, sai ta wani dillalin filaye. Jarumarmu marainiya ce 'yar shekara sha bakwai, yayanta ne ya raine ta tun rasuwar iyayensu, shi ke biya mata kuɗin makaranta da sana'ar ɗinki. A tsarin da muka rubuta a littafin ajiyarmu tun ranar farko, wannan yayan shi ne kurar. Waɗanda yake kashewa su ne suka haɗa baki suka cinye gonar mahaifinsu har baƙin ciki ya kashe shi. Muka shuka alamu: yana kwana a shago da sunan aikin sallah, karnukan unguwa ba sa yarda ya matso, ya daina cin tuwon dare amma bai rame ba.

Muna sakin shafi ɗaya kullum a zaurukan WhatsApp, kuma labarin ya karɓu fiye da zatonmu. A shafi na goma sha biyu wata mai karatu ta rubuta cewa ita dai yayan nan bai kwanta mata ba. Kafin gari ya waye mutum kusan goma sun bi bayanta, har wani ya jero alamun nan uku ɗaya bayan ɗaya. Ranar ko abinci ba mu ci da daɗi ba. Gani muke yi an kwance mana zani a kasuwa. Muka yi zaman gaggawa, muka yanke shawarar da har yau muke jin kunyarta: tunda sun gano, mu sauya dodon. Muka duba cikin 'yan wasanmu wa za mu ɗora wa, sai idonmu ya faɗa kan wata tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda sau ɗaya tak ta fito, ta ba jaruma canji a shafi na huɗu. Ba ta da miji, ba ta da 'ya'ya, ba ta da mai tsaya mata a labarin. A shafi na arba'in muka sa matasan unguwa suka bi sawun jini har ƙofar ɗakinta. Muka ƙirƙiro mata tarihi a sakin layi biyu, muka ce ta gaji abin ne daga kakarta. Muka rufe labari muna tafawa, wai mun ba kowa mamaki.

Mamakin dai sun yi, amma irin na wanda aka yi wa sane a tasha. Suka tambaye mu: to karnukan fa, me ya sa suke gudun yayan? Me ya haɗa tsohuwa da dillalin filaye? Ba mu da amsa, sai muka fake da cewa marubuci yana da 'yancin juya alƙalaminsa. Wannan duk mai sauƙi ne. Bayan kwana biyu wata baiwar Allah ta turo mana saƙo ta bayan fage, babu zagi a ciki ko ɗaya. Ta ce tana ƙarama aka yi wa kakarta sharrin maita saboda wani yaro ya yi zazzaɓi ya ambaci sunanta. Yara suka riƙa jifanta, aka daina sayen abin da take sayarwa, a ƙarshe dole suka bar garin, kuma tsohuwar ta rasu ba ta sake taka shi ba. Ta ce ta bi labarinmu tun daga farko tana murna za a nuna cewa mugu yakan fito daga inda ba a zato, sai ga shi mun kai ta ƙofar ɗakin da aka taɓa kai kakarta. Ta rufe da yi mana addu'ar ƙarin basira. Da zagin ta yi, da ya fi mana sauƙi.

Mun yi wata biyu ba mu rubuta komai ba. A cikin wannan hutun dole ne muka sake ɗauko Teen Wolf, wannan karon da biro da takarda, muna son mu ga me suka yi wanda mu muka kasa.

Muka fara da zango na ɗaya. Tambayar zangon ita ce: wane ne babban kyarkecin da ya ciji Scott, mai jajayen idanu, wanda suke kira Alfa? An sa mu zargi Derek Hale, matashi mai ɗaure fuska da ke kwana a ƙonannen gidansu. An sa mu zargi Deaton, likitan dabbobin da Scott ke yi wa aiki, har Derek ya kama shi ya ɗaure. Ashe mai abin yana zaune a keken guragu a gidan jinya, rabin fuskarsa a ƙone, ba ya magana ba ya motsi tsawon shekara shida: Peter Hale, kawun Derek, wanda ya tsira daga gobarar da ta cinye danginsu. Da muka kalla karo na farko mun yi ihu lokacin da asirin ya tonu a kashi na tara. Da muka sake kallo sai muka ga ba a ɓoye mana shi ba ko kaɗan. Tun a kashi na huɗu Derek ya kai Scott har gabansa don ya nuna masa abin da mafarauta suka yi wa danginsa. A wani kashin Derek ya roƙe shi ya ba shi wata alama, ya fita cikin fushi, kyamara ta tsaya a kan hannun Peter, yatsansa ya motsa. Yawancin waɗanda ake kashewa kuma, daga direban bas har ma'aikacin shagon finafinai, suna da hannu a gobarar nan ko a rufe ta. Wa ya fi mutumin da wutar ta ci da ransa dalilin ɗaukar fansa?

To me ya hana mu gani? Tausayi ne ya rufe mana ido. An ajiye shi a gabanmu, aka lulluɓe shi da abin da zai sa mu ji kunyar zarginsa. Da asirin ya tonu kuma, duk abin da ya gabata sai ya ƙara ma'ana, babu abin da ya rushe. Ga kuma ciwon da tonuwar ta jawo: Derek ya gane cewa ɗan'uwan da ya rage masa shi ne ya kashe yayarsa Laura don ya ƙwace ƙarfinta. Mu kuwa da muka sauya dodo a tsakiyar tafiya, alamunmu suka zama ƙarya, kuma jarumarmu ba ta rasa komai ba, don tsohuwar ba kowa ba ce a wurinta. Wanda aka tona asirinsa ba a ji ciwo ba, da ma ba a ɓoye shi ba.

Zango na biyu ne ya fi taɓa mu, don a nan muka ga hoton laifinmu. Dodon wannan karo wata halitta ce mai kama da ƙaton ƙadangare, Kanima, mai dafin da ke sandarar da jiki. Mutum biyu ake zargi: Lydia, wadda Peter ya ciza amma ba ta mutu ba kuma ba ta rikiɗa ba, da Jackson, ɗan masu kuɗi mai girman kai wanda ya roƙi a cije shi. Derek ya kawo gwajin da yake ganin babu kuskure a ciki: maciji ba ya mutuwa da dafinsa, don haka duk wanda dafin bai kama ba shi ne dodon. Aka ɗiga wa Jackson, ya sandare, aka wanke shi. Aka ba Lydia, ko gezau. Nan take Derek ya yanke mata hukuncin kisa, ya tura yaransa. Yarinya ce da ta riga ta zama abin nuni a makaranta, ta ɓace kwana biyu a daji, tana gane-gane, ana yi mata kallon mai taɓin hankali. Komai nata ya yi kama, biri ya yi kama da mutum. Scott da abokansa suka tare gida suka hana a taɓa ta, kuma a daren ne aka gane Jackson ne Kanima, shi kansa bai san yana rikiɗa ba.

Mun daɗe shiru bayan wannan kashin. Shirin ya ɗauki mutumin da jama'a suka fi saurin nuna wa yatsa, ya bar mu muka nuna mata tare da su, sannan ya kunyata mu duka. Lydia ita ce tsohuwarmu mai daddawa. Bambancin shi ne su sun kawo ta ne don su nuna yadda zargi ke makantar da mutane, mu kuma muka tabbatar wa masu jifa cewa jifansu daidai ne.

Akwai wani abin kuma a zangon. Kanima ba ya kisa don kansa, yana da ubangida mai juya shi, wato asiri a cikin asiri. Alamar da aka bayar tana da kyau ƙwarai. An yi wani dare da dodon ya ritsa Stiles da Derek a wurin ninƙaya na makaranta, Derek a sandare, Stiles na tallafe da shi a cikin ruwa, dodon yana ta kewaya bakin ruwan ya kasa shiga. Muka ɗauka ɗabi'ar halittar ce kawai. Sai can gaba a wurin wata liyafa aka jefa Matt, yaron nan mai yawo da kyamara, cikin ruwa, ya kama ihu bai iya iyo ba, kuma Jackson ne ya tsamo shi. Tsoron ubangidan ne ya bi dodon. Matt yana yaro ya kusa nutsewa a gidan mai horar da 'yan ninƙaya, manyan yaran da ke wurin ba su cece shi ba, su ne yake bi ɗaya bayan ɗaya. Dubi yadda alama ɗaya ta yi aiki biyu: ta ba mu tsoro a ranar da muka gan ta, ta kuma zama hujja bayan kashi biyar. Alamar kirki ke nan, wadda mai karatu zai gani sarai amma ya ba ta wata fassara.

Sai rabin ƙarshe na zango na uku, wanda a wurinmu shi ne ƙololuwar shirin, kuma shi ya warkar da mu daga tsoron a gano mu. Dodon a nan wani mugun ruhi ne daga tatsuniyoyin Japan, Nogitsune, mai siffar yanyawa, wanda ke ƙoshi da rikici da raɗaɗin mutane. Shirin ya ɗaura asalinsa da tarihi na gaske, wato sansanonin da Amurka ta tsare 'yan asalin Japan a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu: a labarin, wata mata ce ta kira shi a 1943 don ya rama zaluncin da aka yi musu a sansani. Jikin da ya shiga kuwa na Stiles ne, mai barkwanci, wanda ba shi da wani ƙarfi sai wayo, wanda duk mai kallo ya fi so. Ba a saka shi haka kawai ba. A rabin farko na zangon shi da Scott da Allison sun nutse a ruwan ƙanƙara don su ceto iyayensu, aka gargaɗe su cewa abin zai bar musu tabo a zuciya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya ba mu mamaki a kallo na biyu shi ne yadda ba su damu da ɓoyewa ba. Tun kashin farko Stiles ya kasa bambance mafarki da farke, haruffa suna rikice masa. Shi da Lydia suka gano cewa lambobin da aka rubuta a allon aji, 19 da 53 da 88, lambobin sinadarai ne da harufansu ke haɗa sunan Kira, yarinyar da aka sa a kashe, sannan ya lura rubutun hannunsa ne. Kafin a kai tsakiyar wannan rabin zangon kowa ya san shi ne. Idan da gano dodo shi ne ƙarshen daɗin labari, da a nan za a kashe kwamfuta. Amma daga nan ne ma muka kasa tashi. Mahaifinsa shi ne shugaban 'yan sandan garin, ga shi ɗansa ne ake nema. Alamun ciwon sun yi kama da cutar ƙwaƙwalwar da ta kashe mahaifiyarsa, don haka uban yana tsaye a asibiti yana kallon hoton kan ɗansa bai san wanne zai fi tsoro ba. Scott kuma ya tsaya gaban fuskar amininsa na yarinta, wannan fuskar tana murɗa masa takobi a ciki. Ba a fita lafiya ba, Allison ta rasa ranta kafin a gama. Tambayar "wane ne?" ta ƙare da wuri, wadda ta gaje ta ita ce ta fi nauyi: yanzu da muka sani, yaya za mu yi da shi?

Wannan tambayar ce muka gudu daga gare ta. Da mun bar yayan nan a matsayin kura, da masu karatu sun shafe shafi ashirin da takwas suna kallon marainiya tana kai wa makashi abinci a shago, suna jin kamar su shiga waya su janye ta. Da ranar da za ta gane, dole ta zaɓa tsakanin wanda ya raine ta da 'ya'yan maƙwabta. Waɗanda suka gano a shafi na goma sha biyu ba su ɓata mana labari ba, shaida suka ba mu cewa ginin ya tsaya daidai. Mai karatun da ya canka daidai yakan ƙara ƙanƙame labari ne, yana jira ya ga ranar da zancensa zai tabbata. Mu muka ɗauki abin a matsayin kokawa tsakaninmu da su, muka fifita kada su a kan gaskiyar labarin.

Kada a ɗauka muna cewa shirin bai taɓa tuntuɓe ba. A zango na huɗu an yi ta neman wanda ya fitar da jerin sunayen da za a kashe a biya kuɗi, sai aka ce Meredith ce, wata yarinya da ke gidan masu taɓin hankali, wai ta ji tunanin Peter ne lokacin da suke kwance a asibiti ɗaya. A ganinmu an yi mamaki amma ba a ƙoshi ba, domin sai da aka tsaya dogon bayani da komawa baya kafin abin ya zauna. A zango na biyar kuma suka ɗauko Dabbar Gévaudan, wadda ke da asali a tarihi, don tsakanin 1764 da 1767 wata dabba ta kashe mutane da dama a wannan yanki na Faransa. Suka ce Mason ne, yaron kirki abokin Liam, ke ɗauke da ita. Mun ji tausayinsa, sai dai hujjar da aka dogara da ita, takalmi mai jini da wani bayanin likitanci, ba ta taso daga halinsa ko tarihinsa ba kamar yadda tsoron ruwa ya taso daga Matt. Daga waɗannan biyun muka ɗauki ma'auni: idan bayan ka tona asiri sai ka yi shafi uku kana bayani, to ba ka yi shuka ba tun farko.

Abin dariya, sai da muka zagaya ta Kalifoniya kafin mu tuna cewa kakanninmu sun riga sun koya mana wannan a tsakar gida. Ku tuna tatsuniyar budurwar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba, Dodo ya rikiɗa ya zo mata a kyakkyawan saurayi. Mai ba da tatsuniyar ba ta taɓa ɓoye mana cewa Dodo ne ba, tun yana hanya muka sani. Duk da haka muna manne da juna har a kai ƙarshe, kuma gobe mu ce a sake. Lura kuma da inda aka ajiye muguntar: a jikin wanda ya fi kowa kyau, wanda aka yi wa shimfiɗa aka kawo wa ruwa. Mu 'yan zamani ne muka mayar da ita kan wanda ba shi da gata.

A nan muke son mu yi magana da junanmu, mu masu tasowa. Mu duba labaranmu na aljanu da tsafi da ke yawo a waya, mu ƙirga su wa muke ɗora wa abin a ƙarshe. Kishiya, uwar miji, 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye, tsohuwar da ba ta haihu ba, baƙon da ba ya jin Hausa sosai. Mun san dalili: su ne mai karatu zai yarda da laifinsu ba tare da mun sha wahalar kafa hujja ba. Ragwanci ne, kuma ragwancin da ke da farashi, domin masu karanta mu suna zaune a unguwannin da har gobe kalmar "mayya" ke iya raba mace da gidanta. Ba mu ce tsohuwa ba za ta taɓa zama muguwa a labari ba, mutum ce kamar kowa. Amma idan za ta zama, a ba ta suna, a ba ta dalili, a bar mu mu zauna da ita mu so ta, yadda ranar da za a tona mu ma za mu ji zafi. Kada talaucinta da tsufanta su zama su ne hujjar.

Yanzu kafin mu saki shafin farko na duk labarin da ke da ɓoyayyen mugu, muna zama mu amsa wasu tambayoyi a rubuce. Shin mai karatu ya gan shi da wuri, kuma ya gan shi sau da yawa? Wane abu ne zai hana a zarge shi: tausayi, ƙauna, ko girmamawa? Kowace alama da muka shuka, tana da fassara ta biyu da za ta wuce ba a tsaya ba? Wa zai yi kuka ranar da asirin ya tonu? Ta ƙarshe ita ce mai wuya: idan wani ya gano a shafi na goma, akwai sauran abin da zai riƙe shi har shafi na arba'in? Idan amsar wannan ta zama a'a, muna ajiye labarin, don wasa ƙwaƙwalwa muka shirya, ba mu kai ga labari ba tukuna. Muna kuma rubuta sunan mugun a takarda mu ba wani babba a ƙungiyarmu ya ajiye, saboda mun san halinmu idan tsoro ya zo.

Labarin kurar kuwa mun janye shi, mun nemi afuwa a duk zaurukan da muka saka shi, muka koma kan tsarinmu na asali. Yayan ne kurar, kamar yadda aka gano. Tsohuwa mai daddawa tana nan, har mun ƙara mata fitowa. Matasan unguwa za su je ƙofar ɗakinta kamar wancan karon, sai dai yanzu jarumarmu ce za ta tsaya a bakin ƙofar, alhali ta riga ta san wanda ya bar sawun jinin, kuma yana tsaye a cikin taron yana kallonta. Mun yi mako uku a kan wannan shafin ɗaya, har yanzu muna musu a kan abin da za ta faɗa. Mun tura wa baiwar Allahn nan abin da muka rubuta zuwa yanzu, ta karanta, ta ce mu ci gaba tana jira.

Wanda ya taɓa sauya ƙarshen labarinsa don an gano shi, ya faɗa mana yadda ta kaya, kada a bar mu mu kaɗai a cikin kunya. Allah Ya ƙara mana basira, Ya tsare alƙalumanmu daga cutar da wanda bai ji ba bai gani ba. Sai wani makon in Allah Ya kai mu.